Yadda Za Ku Shirya Wa Gasar Rumbun Bayanai Da Zanen Fosta: Jagora Ga Ɗaliban Kaduna

Gasar da ake haɗa aikin rumbun bayanai (database, wato ma'ajiyar bayanai a kwamfuta) da zanen fosta tana neman abubuwa biyu da ba kasafai mutum ɗaya yake haɗa su ba: kan da ya iya tsara lissafi, da idon da ya san kyau. Ko ƙungiyar ɗaliban kwamfuta, NACOS, ta sashenku ce ta shirya ta a Kadpoly ko KASU, ko kun taso daga ABU ko Nuhu Bamalli a Zariya, ko kuwa ku 'yan sakandare ne da malamin kwamfuta ya zaɓo, shirin kusan iri ɗaya ne. Abin da yake cinye wa ɗalibanmu maki yawanci ba manyan abubuwa ba ne. Ƙananan abubuwa ne na gida: lambar waya da ta zubar da sifilinta, suna kamar Sa'adatu da ya tsayar da umarni cak, harafin ƙ da ya koma akwati a kan fosta. Littattafan da muke karantawa ba da sunayenmu aka rubuta misalansu ba, shi ya sa ba sa gargaɗi a kan waɗannan.

Mataki na 1: Ku tatse takardar ƙa'idoji

Kafin kowa ya buɗe kwamfuta, ku zauna ku karanta takardar gasar da biro a hannu. Abin da ba a rubuta ba ku tambayi masu shiryawa tun da sauran kwanaki. Wace manhajar rumbun bayanai aka yarda da ita, MySQL ko SQLite ko Microsoft Access? Akwai intanet a zauren ko babu? Awa nawa za a bayar, kuma a haɗe ne ko kowane aiki da lokacinsa? Fostar bugawa za a yi ko a allo za a haska ta? Wane girma? An yarda a sa hoton da manhajar ƙirƙirarriyar basira ta zana? Yaya aka raba makin? Wannan ta ƙarshe ita ce za ta gaya muku inda za ku zuba lokaci. Idan rumbun bayanai ne da kaso mafi tsoka, kada mutum biyu su duƙufa a kan zaɓen launi.

In ku uku ne, ɗaya ya riƙe rumbun, ɗaya fosta, na uku ya zama mai duba aikin kowa da kallon agogo, kuma shi zai yi bayani a gaban alƙalai. Kada a ba wa wanda ya fi kowa rauni wannan aiki na uku don kawai a sama masa abin yi. Shi ne zai gano kuskuren da masu aikin ba za su gani ba.

Mataki na 2: Ku shirya na'ura kamar babu wuta babu intanet

Ku sauke komai tun a gida. SQLite ya fi sauƙi ga mai koyo domin duk rumbun fayil ɗaya ne da za a iya sawa a filash, kuma manhajar DB Browser for SQLite kyauta ce. Idan MySQL aka ce, yawancin ɗalibai XAMPP suke sawa, wato manhajar da take tayar da MySQL a kwamfuta, su yi aiki ta shafinta na phpMyAdmin. Matsalarsa ɗaya ce da take yawan tasowa: idan akwai wani MySQL a kwamfutar da ya riga ya kama ƙofa ta 3306 (port ɗin da MySQL yake aiki ta cikinsa), na XAMPP ba zai tashi ba. Ku gano wannan a ɗakinku, ba a zauren gasa ba.

Sannan ku kashe data da wayfay, ku buɗe kowace manhaja ku gani. Manhajar zane ta Canva ba ta aiki yadda ya kamata sai da intanet, don haka wanda ita kaɗai ya iya yana cikin hatsari idan an hana. Ya koyi CorelDRAW ko Inkscape ko da daidai gwargwado. Ku cika cajin laftof, ku zo da igiyar wuta mai baki da yawa, da filash biyu.

Mataki na 3: Takarda kafin kwamfuta

A nan ake cin gasa ko a faɗi. Tsarin da MySQL da SQLite da Access duk suke bi, na ajiye bayanai a teburori masu alaƙa da juna, Edgar Codd ne na kamfanin IBM ya fito da shi a 1970, kuma jigonsa bai canja ba: kowane bayani a rubuta shi sau ɗaya, a wuri ɗaya.

A ce tambayar ta zo haka: wani mai shagon atamfa da shadda a Kasuwar Barci yana sayarwa hannu da hannu, yana kuma ba da bashi, a gina masa rumbun da zai san kayan da suka rage da wanda yake bin kuɗi. Ɗalibi mai gaggawa zai buɗe tebur ɗaya ya jera suna, waya, kaya, farashi, bashi. Hajiyar da ta zo sau goma za a rubuta sunanta da lambarta sau goma. Ranar da ta canja layi sai a gyara wuri goma, a manta da ɗaya, shike nan rumbu ya fara ƙarya.

Ku ja layi a ƙarƙashin sunayen abubuwan da ke cikin tambayar, su ne teburorinku. A wannan misali biyar za su fito:

kwastoma: lamba, suna, waya, unguwa
kaya: lamba, suna, iri, farashi, saura
ciniki: lamba, lambar_kwastoma, rana
abin_ciniki: lambar_ciniki, lambar_kaya, yawa, farashin_ranar
biya: lamba, lambar_kwastoma, kudi, rana

Kowane tebur yana da babban mabuɗi, wato lambar da ba ta maimaituwa. Suna ba ya zama mabuɗi. Aisha Muhammad nawa ce a Tudun Wada kaɗai? Lambar waya ma ba ta dace ba, domin mata da miji kan yi amfani da layi ɗaya, wani kuma ya canja. Ku bar manhajar ta riƙa ba da lamba da kanta.

Tebur na huɗu shi ne wanda ɗalibai suka fi mantawa. Ciniki ɗaya yana iya ƙunsar kaya iri uku, kaya ɗaya kuma yana fitowa a ciniki ɗari. Duk inda alaƙa ta zama da yawa a ɓangarori biyu, dole a sa tebur a tsakiya. Ku lura da farashin_ranar da ke cikinsa. Wani zai ce maimaici ne tunda akwai farashi a teburin kaya. Ba maimaici ba ne. Turmin atamfar da aka ɗauka bashi kafin azumi ba farashinsa ɗaya da na jajibirin salla ba, kuma idan kuka dogara da farashin yau, duk ranar da mai shago ya ƙara kuɗi bashin mutane zai ƙaru a bayan idonsu. Alƙalin da ya san aikinsa zai tambaye ku wannan, kuma amsar tana da maki.

Haka nan ba a buɗe gurbin "bashi" a teburin kwastoma. Bashi lissafi ne: abin da aka ɗauka a cire abin da aka biya. Abin da za a iya lissafowa ba a ajiye shi.

Ku zana akwatunan nan biyar da layukan da suka haɗa su a takarda mai tsabta. Minti ashirin ya isa, kuma takardar za ta yi amfani wajen bayani.

Mataki na 4: Tarkunan da bayananmu suke ɗanawa

Lambar waya ba lamba ba ce a wurin kwamfuta, rubutu ce. Lambobinmu guda 11 ne kuma da sifili suke farawa. Idan kuka ba gurbin nau'in INT, wato na cikakkiyar lamba, sifilin farko zai ɓace, sauran goman kuma sun fi ƙarfinsa, domin iyakar INT a MySQL ita ce 2,147,483,647. Ku sa VARCHAR, nau'in rubutu. Idan an ba ku bayanan a fayil na CSV, kada ku buɗe shi da Excel ku sake ajiyewa, shi ma zai haɗiye sifilin ba tare da ya ce uffan ba.

Kuɗi a sa masa DECIMAL, ba FLOAT ba, don kada kwabbai su riƙa zamewa a jimla. Rana a rubuta ta shekara, wata, sannan rana, kamar 2025-03-09. Idan kuka rubuta 09/03/2025 a matsayin rubutu, jerawa za ta rikice.

Sai babban tarko, alamar da ke cikin Sa'adatu, Rabi'u, Isma'il, da Unguwar Mu'azu. A SQL, harshen da ake ba rumbu umarni da shi, wannan alamar ce take buɗe rubutu ta rufe shi. Idan kuka rubuta 'Sa'adatu', manhajar za ta ɗauka sunan ya ƙare a Sa, ta rasa yadda za ta yi da sauran, ta jefo kuskure. Maganin shi ne a ninka alamar:

INSERT INTO kwastoma (suna, unguwa) VALUES ('Sa''adatu', 'Unguwar Mu''azu');

Idan gasar ta haɗa da gina fom na shigar da bayanai, kada ku liƙa abin da mutum ya rubuta kai tsaye cikin umarnin. Ku yi amfani da umarni mai gurabe, wanda ake sa alamar tambaya a madadin kowane bayani. Ta wannan ɓarakar ce masu kutse suke shiga rumbu, don haka gyaran da ya ceci sunan Sa'adatu shi ne kuma ya toshe musu hanya.

Haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, suna buƙatar tsarin ajiye haruffa na UTF-8. A MySQL ku zaɓi utf8mb4 tun lokacin ƙirƙirar rumbun, in ba haka ba Ɗanladi zai iya fitowa da alamar tambaya a gaba. Amma sunayen teburori da gurabe ku bar su da haruffa marasa lanƙwasa, shi ya sa na rubuta kudi a sama. Wani abu kuma: SQLite yana jera Ɗanladi a bayan Zainab, ba kusa da Dauda ba, saboda lambar harafin a tsarin Unicode tana can gaba. Ba kuskurenku ba ne, amma ku sani kafin a tambaye ku.

Masu SQLite su tuna abu biyu. SQLite ba ya tsare alaƙar teburori sai an kunna masa da PRAGMA foreign_keys = ON. Kuma idan kuka raba 7 da 2 zai ba ku 3, sai kun rubuta 7.0 zai ba da 3.5. Wanda aka ce ya fitar da kaso cikin ɗari ya ga sifili ya cika allo, daga nan matsalar take.

Mataki na 5: Tambayoyin da za a yi wa rumbun

Ku cika teburorin da bayanan gwaji kaɗan waɗanda za ku iya lissafawa da ka: kwastoma shida, kaya biyar, ciniki goma. Da gangan ku sa wanda bai taɓa biyan ko sisi ba, da wanda bai taɓa sayen komai ba, da mai suna da alama a ciki, da mutum biyu masu suna ɗaya. Sunayen ƙirƙira za ku sa, ba na abokan ajinku da lambobinsu na gaske ba.

SELECT da WHERE da ORDER BY kowa ya iya su. Inda ake rabuwa shi ne JOIN, mai haɗa teburori, da GROUP BY, mai tara layuka rukuni-rukuni. Ga jimlar abin da kowane kwastoma ya ɗauka:

SELECT k.lamba, k.suna, SUM(a.yawa * a.farashin_ranar) AS jimla
FROM kwastoma k
JOIN ciniki c ON c.lambar_kwastoma = k.lamba
JOIN abin_ciniki a ON a.lambar_ciniki = c.lamba
GROUP BY k.lamba, k.suna;

An tara da lamba ne, ba suna kaɗai ba, don kada Aisha biyu su zama mutum ɗaya. Idan aka ce a nuna waɗanda jimlarsu ta haura naira 50,000 kawai, HAVING za a ƙara a ƙarshe. WHERE yana tace layuka kafin a tara, HAVING yana tace bayan an tara.

Yanzu ga inda gwanaye ma suke tuntuɓe. Don fitar da bashi, sai mutum ya ƙara JOIN na teburin biya a kan umarnin da ke sama. Umarnin zai yi aiki, ba zai nuna kuskure ba, amma lissafin ƙarya ne. Kwastomar da take da layin kaya 3 da biya 2 za ta fito a layi 6, domin kowane layin kaya ya haɗu da kowane biya. Kayanta sun ninku biyu, biyanta ya ninku uku. Hanyar da ta dace ita ce a tara kaya daban, a tara biya daban, kowanne a ƙaramin umarni, sannan a haɗa sakamakon biyu da LEFT JOIN. A kuma nannaɗe jimlar biya da COALESCE(jimla, 0), domin wanda bai taɓa biya ba NULL zai fito, wato gurbin da babu komai a ciki, kuma duk lissafin da NULL ya shiga NULL yake zama. Ma'ana, wanda ya fi kowa taurin bashi shi ne zai fito ba adadi a gaban sunansa. Wannan ne amfanin bayanan gwaji kaɗan: mai dubawa ya lissafa da biro, ya kwatanta da allo.

NULL ba a nemansa da alamar daidai, IS NULL ake rubutawa. UPDATE da DELETE kuwa, kafin ku danna, ku fara gwada sharaɗin da SELECT ku ga layukan da zai taɓa. DELETE da babu WHERE yana share teburin kaf. Duk umarnin da ya yi aiki ku kwafe shi cikin fayil na rubutu da lambar tambayarsa, kuma ku ajiye kwafin rumbun a filash duk rabin awa.

Mataki na 6: Fosta

Fosta ba takardar bayani ba ce. Wanda yake cikin Keke Napep a titin Ahmadu Bello daƙiƙa biyu ko uku yake da su, haka ma mai zazzaga Status a WhatsApp. Saboda haka ku fara da rubuta saƙon a jimla ɗaya a takarda. Idan manhajar mai shagon ce ake tallatawa, wani abu kamar "San wanda kake bi bashi, ba tare da littafi ba" ya fi "Sabuwar fasahar zamani domin cigaban kasuwanci", wadda ba ta faɗi komai ba.

Ku raba rubutun hawa uku. Babban take da ake gani daga nesa. Sai abin da mutum yake buƙata ya yi aiki da shi: mene ne, yaushe, a ina, nawa. Sai ƙananan bayanai a ƙasa, tambarin makaranta da hanyar tuntuɓa. Salon rubutu biyu ya isa, launi biyu ko uku. Rubutu mai duhu a kan fili mai haske, ko mai haske a kan duhu. Ja a kan kore ko rawaya a kan fari wahalar da ido ne. Mun saba da fostocin biki da na siyasa inda ake cika kowane lungu da hoto da fure da walƙiya, har hannu yakan yi ƙaiƙayi idan ya ga fili. Ku daure ku bar filin. Shi yake sa take ya fito.

Kaduna gari ne na harsuna da yawa, fostar da za ta yi aiki a Rigasa ba lallai ta yi a Barnawa ko Sabon Tasha ba. Ku duba wa ake yi wa magana. Idan Hausa da Turanci za ku haɗa, ɗaya ya zama babba ɗaya ya bi, kada su yi kafaɗa da kafaɗa a girma ɗaya.

Idan da Hausa ne, ku gwada salon rubutun kafin ku so shi. Ku buga "Ɓ ɓ Ɗ ɗ Ƙ ƙ" ku gani. Yawancin salon ƙawa ba su da waɗannan haruffa, sai su bar akwati ko su aro harafin daga wani salon ya fito bambaraƙwai a tsakiyar kalma. Noto Sans da Andika da Charis SIL duk suna da su kuma kyauta ne. Cire lanƙwasar ba mafita ba ce: fostar da ta ce "kasa" a inda ake nufin "ƙasa" ta faɗi wani abu daban.

Hoto kuwa, wanda kuka ɗauka da kanku na turamen atamfa a jere ya fi na baƙin fuskoki da aka kwaso daga intanet, amma ku nemi izinin mai shago, kuma kada ku sa fuskar kowa ba da saninsa ba. Tambarin makaranta a ja shi daga kusurwa don kada ya baje. Idan kun sa lambar QR, ku gwada ta da waya biyu.

Gwaji biyu kafin ku ce an gama. Ku rage fostar ta koma girman tafin hannu a allo. Idan take bai karantu ba, ku ƙara shi. Sannan ku nuna wa wanda bai san aikin ba na ɗan lokaci, ku rufe, ku tambaye shi me ya gani. Mai dubawa kuma ya buɗe kalanda ya tabbatar ranar da aka rubuta ta dace da kwanan watan.

Mataki na 7: Girma da bugawa

Girman ake fara saitawa kafin a zana komai. A4 milimita 210 da 297 ne, A3 297 da 420, A2 420 da 594. Don bugawa ana son ɗigo 300 a kowane inci, wato A3 zai kai kusan ɗigo 3508 da 4961. Ku ƙara milimita 3 a kowane gefe saboda yanka, rubutu kuma ya nisanci baki. Allo da tsarin launi na RGB yake aiki, injin bugawa da na CMYK, shi ya sa shuɗi mai ƙyalli yake fitowa a dushe a takarda.

Yawancin shagunan bugawa da CorelDRAW suke aiki, kuma ba lallai suna da salon rubutunku ba. Ku mayar da rubutun ya zama zane da Ctrl+Q kafin ku kai, bayan kun ajiye kwafin da za a iya gyarawa, ko ku kai PDF. Idan ta WhatsApp za ku tura, a matsayin takarda (Document) za ku tura, ba hoto ba, domin yana matse hoto. A shagon ku ce, "Oga, don Allah a fara fitar mana da ƙarami a A4 mu duba kafin a buga babban." Kuɗinsa kaɗan ne, kuma a takarda ake ganin kuskuren da allo ya ɓoye.

Mataki na 8: Ranar gasa

Ku isa da wuri, musamman masu tasowa daga Zariya ko masu ƙetare gada. Ku raba lokacin tun kafin a fara, ku ware kashi ɗaya cikin biyar na ƙarshe don dubawa da miƙawa kawai. Tambayar da ta ƙi ku ku tsallake ta ku dawo. Sunan fayil ku bi yadda aka ce, harafi da harafi, kuma ku buɗe shi daga filash ɗin a wata kwamfutar kafin ku miƙa.

Wajen bayani ku fara da matsalar mai shago, ku ɗaga takardar zanen teburori, ku gudanar da umarni biyu a gabansu, ɗaya daga ciki na bashi, sannan fosta da dalilin taken. Kada ku karanta allo. Idan alƙali ya tambayi abin da ba ku yi ba, "Malam, ba mu kai nan ba, amma ga inda za mu sa shi" tare da nuna wurin a zanen ya fi kame-kame. Ku shirya amsar tambayoyi uku tun a gida: me ya sa teburori biyar ba ɗaya ba, me zai faru idan aka yi yunƙurin goge kwastomar da ake bi bashi, kuma wa kuka zana wa fostar. Ta biyun ku gwada ta a kwamfuta kafin a tambaye ku. Idan an kunna tsaron alaƙar teburorin, manhajar za ta ƙi gogewa ta nuna kuskure, kuma wannan kuskuren za ku haska musu a allo.